Tiren Lahadi

Da ciwon mantuwa ya kama maigidana, ranakun mako ya fara kwashewa. Ya share masa Litinin har Asabar, ya bar masa Lahadi kaɗai. Kullum da hantsi Alhaji zai zura babbar riga, ya kafa hula, ya sauko daga kujera ya tanƙwashe ƙafa a kan kafet ɗin falonmu na Peckham, ya zuba wa ƙofa ido. In na kawo abinci sai ya ce, "Ajiye, Hajiya, suna hanya." Babu wanda ke hanya. Abincin ya huce, in ɗumama, ya sake hucewa, in kwashe.

'Yan ƙungiyarsu yake jira. Tun kafin a kawo ni London, shi da wasu gwauraye da suka gaji da cin burodi kowa a ɗakinsa suka sayi wani ƙaton tire, suka riƙa haɗuwa duk Lahadi suna cin abinci tare. Abu kamar wasa, ƙaramar magana ta zama babba. Mutane suka yi yawa, Hausawan Najeriya da na zangon Gana, aka kafa dokoki. Waɗanda suka fara ana ce musu iyayen tire. Ba ka zama ɗan uwa sai sun zuba maka ruwa da buta sun wanke maka hannu a gaban jama'a. Kowane ɗan uwa kuma yana da na-damansa, wato mutumin da ke zama a damarsa duk tsawon rayuwa. Ba ka kai loma baki sai na-damanka ya turo maka tsoka gabanka ya ce, "Bismilla, ɗan uwa."

Ni dai na tsufa ina tuƙa musu tuwo, ban taɓa sa hannu a tiren ba. Mu mata a kicin muke ci, muna leƙensu muna dariya: manya da furfura, sai an tura musu nama kamar 'yan yaye. Ban san wata rana wannan abin dariyar zai tsaya tsakanin mijina da ransa ba.

Shayi yana sha, da ɗan kunu, don a wurinsa waɗannan ba abinci ba ne. Amma tuwo, shinkafa, nama, ko ƙwara. Na gwada dabara iri-iri. Na zauna a damarsa na tura masa tsoka na faɗi kalmar, ya dube ni ya yi dariya har da tafi, ya ce, "Hajiya, ke kuma yaushe aka wanke miki hannu?" Ɗanmu ya zo daga Manchester ya gwada, uban ya ɗauka ma'aikacin council ne, wato ƙaramar hukuma, ya yi masa godiya da Turanci ya sallame shi. Riguna suka fara yi masa yawa. Agogonsa ya riƙa zamewa har gwiwar hannu. Likitar unguwarmu ta auna shi, ta zaunar da ni ta faɗa mini gaskiya: in bai koma cin abinci ba za a kwantar da shi a asibiti, kuma irinsa in suka daɗe ba sa ci, maƙogwaron ma yakan manta haɗiya. Na fito daga wurinta na kama hanyar gida. Na ce a raina, ai da sauƙi, maganin a hannun 'yan uwansa yake.

Ashe ban san dawar garin ba. A lokacin ƙungiyar ta riga ta rabe biyu, kuma kan kalma ta rabe. Sun so a yi musu rajista don council ta riƙa ba su zauren taro, aka ce sai sun rubuta tsarin mulki. Wani lauya a cikinsu, muna ce masa Barista, shi ya rubuta. Ya sa cewa ɗan uwa shi ne wanda iyayen tire biyu ko fiye suka wanke wa hannu. Wanda uba ɗaya ya wanke wa, sunansa baƙon tire. To akasarin mutanen Gana Alhaji kaɗai ya wanke musu hannu, a shekarun da sauran iyayen suka koma gida ko suka rasu. Cikinsu har da na-daman Alhaji, wani direban bas mai ritaya da ke Tottenham, wanda suka yi zaman tire tun ina amarya. Aka wayi gari an mai da shi baƙo. Shi da mutanensa suka yi fushi suka fice, suka sayi sabon tire, suka ce su ne tushe. Barista ya riƙe tsohon tire a gidansa na Thamesmead, ya ce su ne uwar ƙungiya, waɗancan kuwa reshe ne in yana cikin nishaɗi, 'yan tawaye in ransa a ɓace yake. Alhaji kaɗai ya rage da rai cikin iyayen tire. Shi ne zai iya raba gardamar, shi kuwa a lokacin duk wanda ya zo masa da magana sai ya yi murmushi ya ce, "Gaskiyarka."

Thamesmead na fara zuwa. Na bar Alhaji da matar da council ke turo mana don kula da shi, na hau bas na yi ta tafiya har na soma zaton direban ya manta da mu. Barista ya tarbe ni da mutunci, ba zan yi masa ƙarya ba. Alhaji ne ya tarbo shi a filin jirgi ranar da ya fara taka ƙasar nan, kuma bai manta ba. Da na faɗa masa halin da ake ciki idonsa ya kawo ruwa.

"Hajiya, Lahadin nan muna gidanki," in ji shi. "Zan yi cancel ɗin komai."

"Da mutanen Tottenham za ku zo, Barista. Na-damansa yana cikinsu."

Ya cire gilashinsa ya goge. "Wannan kuma da wuya. Ba wai na yi refusing ba ne. Amma in muka sa hannu a tire ɗaya da su a gaban uban tire, mun yi recognising ɗinsu ke nan. Za mu ba shi na-dama daga cikinmu."

Na ce to, da babu gara ba daɗi. Suka zo da tsohon tiren, mai lotsawa a gefe. Alhaji na ganinsa ya shafa shi kamar kan jika, fuskarsa ta washe. Aka wanke hannu, aka zauna. Wani likitan haƙori ya zauna a damarsa ya tura masa tsoka. Alhaji ya waiga ya ƙare masa kallo, ya janye hannunsa ya ce, "Ba a cika ba. A jira." Suka yi lallashin duniya, ya ƙi. Suka ci kaɗan don kunya suka tafi. Kafin yamma labari ya kai Tottenham cewa uban tire da bakinsa ya ce mutanen Thamesmead ba su cika ba.

Sai na nufi Tottenham. Na-daman Alhaji mutum ne mai fara'a, mai babbar murya, Hausarsa irin ta zango, wadda ba ta raba mace da namiji. Tun ina amarya yake ce mini "ka", har na daina ji. Ya zuba mini shayi.

"Hajiya, ka san yadda nike son yayana," ya ce. "Amma ka duba. Mutum ya ci da kai tun kan shi baƙi har ya yi fari, yau wani ya zo da takarda ya ce shi baƙo ne. Ni baƙo? Zan zo, amma da mutane na, da tiren mu."

Suka zo da sabon tirensu mai ƙyalli. Alhaji ya gane na-damansa nan take, ya riƙe hannunsa bai saki ba, har na fara hamdala a bakin ƙofar kicin. Da aka ajiye abinci sai ya dubi tiren, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya duba fuskoki. Ya ce, "Wannan ba namu ba ne. Ku ci, ni zan jira 'yan uwa." Na ga yadda maganar ta soki na-daman nasa, ya sunkuyar da kai bai ƙara ɗagowa ba. Shi ma wannan labarin bai kwana ba ya isa Thamesmead, kuma aka ce Barista ya ce Allah ya yanke hukunci.

Ni abin da ya ƙona mini rai shi ne, mutum yana mutuwa da yunwa a gabansu, su kuwa sun mai da bakinsa kotu. Kowa ya tsinci abin da ya yi masa daɗi a maganar marar lafiya ya tafi da shi. A makon ne Alhaji ya faɗi a banɗaki don jiri. Na ɗaga shi ni kaɗai, ni da ciwon gwiwa ya hana ni hawa bene, kuma ban sha wahalar ɗagawar ba. Wannan rashin nauyin nasa ya fi faɗuwar tsorata ni.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Na koma Thamesmead ba tare da na yi waya ba, na tare Barista a wurin ajiye motoci yana shirin fita, na durƙusa har ƙasa a kan siminti, ni da na girme shi. Ya rikice yana cewa, "Subhanallahi, Hajiya, tashi, mutane suna kallo." Na ce su kalla. Na ce tiren yana wurinka, na-damansa yana can, shi kuwa sai ya ga biyun a wuri ɗaya. Na ce ban san uwa ba, ban san reshe ba, mijina na sani, kuma ba zan tashi ba sai ka ce to. Ya ce to.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Aka shiga ciniki ta waya, ni ce 'yar aike. Barista ya ce ba za a kira abin zama ba, domin zama na 'yan uwa ne. Mutanen Tottenham suka ce ba za a kira shi gayyata ba, domin ba a gayyatar mutum gidansu. Na yini da waya a kunne, cokalin kunu a ɗaya hannun, ina kai kalma ina dawo da kalma, manyan mutane suna juya ta kamar masu sayen atamfa. Daga ƙarshe aka yarda a kira shi dubiya, irin wadda ake yi wa kowane marar lafiya. Tiren kuma aro aka ba ni, ni Hajiya, ba wata ƙungiya ba. Da za su ce in kira shi bikin suna, wallahi da na kira.

Ranar Asabar na je kasuwar Rye Lane na zaɓo naman rago mai taushi, na samo kuɓewa busasshiya da daddawa. Lahadi tun da safe na tuƙa tuwon shinkafa mai laushi yadda ba zai wahalar da shi ba, na dafa naman har yana rabuwa da kansa. Na yi wa Alhaji aski, na ɗaure masa wandon da ya yi masa yawa, na fesa masa turare.

Suka iso bayan azahar, kowane ɓangare da motarsa, suka haɗu a ƙofar lif ko gaisawa ba su yi ba. Amma da suka shigo falo, abin da na gani ba zan manta ba. Alhaji ya dubi tiren, ya dubi na-damansa, ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, sai ga mijina ya dawo. Ya kira mutane da sunayensu, shi da ya kwana biyu bai kira nawa ba. Ya tsokani Barista kan tumbinsa. Ya ce wa na-damansa, "Kai, ina ka shiga? Ka bar ni da yunwa." Aka zagaya da buta. Na tsaya a ƙofar kicin na toshe bakina da mayafi.

Na-daman ya zaɓi tsoka, ya tura gaban Alhaji, ya ce da muryar nan tasa, "Bismilla, ɗan uwa."

Alhaji ya gutsuri tuwo, ya dangwali miya, ya haɗa da naman. Na ga hannun ya taso.

A daidai nan Barista ya hango wani daga cikin mutanen Tottenham ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo. Ba don tarihi yake ɗauka ba, kowa ya san haka. Hujja yake nema, ga uban tire ya karɓi nama daga hannun wanda aka ce baƙo ne, a kan tsohon tire.

"A ajiye wayar nan," in ji Barista. "Mun yi agreement. Dubiya ce wannan, kuma kalmar da aka faɗa yanzu ba ta zama hujja ba."

"Wane kalma?" Na-daman ya juyo. "Faɗi shi mana. Wane kalma ne ba hujja ba?"

Shi ke nan, wuri ya yamutse. Wannan ya ce reshe, wancan ya ce ɓarayin tire, wani ya miƙe tsaye hannunsa duk miya yana nuna wani. Ni ba su nake kallo ba, hannun Alhaji nake kallo. Lomar ta tsaya a gaban bakinsa. Ya dubi dama, ya dubi hagu. A hankali ya mai da ita gefen tire, ya miƙa hannu ya jawo babban faifan da na rufo abincin da shi, ya kifa a kai. Ya yi magana da wata murya da na daɗe ban ji ba, muryar uban tire.

"Ba a ci a kan husuma. An rufe, sai an shirya."

Ashe wannan ita ce dokarsu ta fari, tun kafin buta da na-dama: in 'yan uwa biyu suka yi faɗa a zama, uban tire ya rufe abinci, ba mai ci, har shi kansa, sai sun riƙe hannun juna kowa ya kira ɗayan ɗan uwa. Sabbin cikinsu ba su ma taɓa jin ta ba. Ni kaina sai a lokacin na tuna an taɓa yi sau ɗaya ina da goyo. Mutumin da ya manta sunan titinmu, ita ce ba ta ɓace masa ba.

Na fito daga kicin, na manta da wata kunya. Na ce, "To kun ji. Ku shirya mana! Barista, don girman Allah, kalma ɗaya ce. Ka faɗa, in ka fita ƙofar nan ka tofar da ita."

Barista ya miƙa hannu, na-daman ya karɓa. Barista ya ce masa, "Malam, ka yi haƙuri, an yi kuskure." Ya tsaya nan. Na ga bakinsa yana motsi, ya dubi mai wayar, ya dubi mutanensa da suka zuba masa ido. Ya ce, "Hajiya, wannan kalmar ba tawa ba ce ni kaɗai. Sai committee ta zauna."

Na juya wurin na-daman na ce to kai fara, in ka faɗa zai ji kunya ya mayar. Ya zare hannunsa. "Ni zan fara? Ni aka zaga, Hajiya. Ba na roƙon abin da nawa ne."

Na zage su. Ban taɓa zagin baƙo a gidana ba sai ranar. Na ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, yau na san su, na ce su fice mini. Suka fita sum-sum, Barista da tirensa da na juye na miƙa masa ko wankewa ban yi ba. Na ji kukan wani babban mutum a bakin lif, ban leƙa na ga ko wane ne ba, ban kuma damu ba.

Abin da ban zata ba shi ne abin da ya biyo baya. Da safe na kawo kunu, Alhaji ya kau da kai ya ce, "An rufe." Na kawo shayi, ya ce, "An rufe, Hajiya, ke ma kin sani." Abin da yake ɗan riƙe da shi a da, shi ma ya tafi. Ni na tara su don ya ci tuwo, na ƙare da mutumin da sai na yi da gaske yake kurɓar ruwan shan magani. Na buga wa Barista, ya ce sun sa ranar meeting. Na buga Tottenham, suka ce suna jiran abin da meeting ɗin zai ce. Kafin ranar ta zo zazzaɓi ya rufe Alhaji, ƙirjinsa ya riƙa ƙara, motar asibiti ta zo ta ɗauke shi.

Aka sa masa ƙarin ruwa. Wata ma'aikaciya ta gwada haɗiyarsa, ta ce abin da ya sha yana bin hanyar numfashi yana sauka a huhu, shi ya kawo ciwon. Ta liƙa takarda a saman gadonsa cewa kada a ba shi komai ta baki. Ta ba ni wani ɗan soso a kan tsinke, ta nuna mini yadda zan tsoma a ruwa in jiƙa masa leɓe in ya bushe. 'Yan uwansa suna zuwa dubiya, wannan karon ta gaske, mutanen Thamesmead da rana, na Tottenham da yamma, kowa da kwanon abinci a leda. Ina karɓa in ba masu shara.

Wata rana da la'asar ina zaune ina jan carbi, sai ya buɗe ido. Idon a sarari yake, ya san ni.

"Hajiya."

"Na'am, Alhaji."

"Sun shirya?"

Na ce, "Sun shirya, Alhaji. Sun riƙe hannu, kowa ya kira ɗan uwansa."

Ya lumshe ido ya ce, "Alhamdu lillahi." Sannan ya ce, "To a buɗe. Yunwa nake ji."

Na tsoma soson a ruwa na shafa masa a leɓe. Ya tsotsa, ya sake buɗe baki yana jira.